Rabi a Kan Ƙanƙara

Daren Alhamis, Damagaram

Tun da ɗiyata Rabi ta tafi karatu Kanada ban ƙara jin dariyarta ba. Kullum tana ɗaki cikin bargo, "Lafiya lau Mama," shi ke nan. Yau na tashi da niyyar ce mata ta dawo gida, karatun ya bi ruwa.

Bayan la'asar sai ga kiranta na bidiyo. Wai ƙawarta ta ja ta filin ƙanƙara na jami'arsu kallon wasa. Ta juya wayar, ga samari da hulunan kwano da sanduna suna bin juna a guje, jama'a na ihu. Inna, uwata, ta leƙo ta kafaɗata, ta dafe ƙirji.

"Rabi, jandarmomi ne suka shigo wa ɗalibai? Fita maza, kada ki tsaya ɗaukar jaka."

Ban ga laifinta ba. Mu nan in ka ga hular kwano da sanda a lakkwal, wato makaranta, gudu ake.

Rabi ta yi dariya har wayar ta kuɓuce mata. Ta ce, "Kaka, wasa ne." Daga nan ta nuna mana ƙaramin fili a gefe, inda ake koyon zamiya a kan ƙanƙara da takalmi mai ƙarfe. Ta ce jiya ta gwada da hijabinta, ta sha faɗuwa, kuma gobe za ta koma.

Inna har yanzu ba ta yarda ba, ta ce dai a aika mata man kaɗanya saboda gwiwa. Gobe zan shiga kasuwa in saya. Maganar dawowa kuwa na haɗiye abata.