Bilic ɗin Encarna

Litinin, 4 ga Satumba

An gama ɗakunan ma'aikata, har fenti. Tankin da ke tace ruwan masai yana aiki tun bazara, tun da muka haɗa shi da bayin da ma'aikatan ke shiga da rana, kuma kacalar da muka dasa a ƙarshen magudanar ta kai ƙuguna. Amma ba mai kwana a ciki sai ofishin muhalli ya sa hannu. Ni da na haƙa, na gina, sai wani da bai taɓa shiga rumfar leda ba ya ce mini to. Kai, duniya.

Hukumar gari ta liƙa sanarwa a bukkokin bayan kwari, za a rushe su tsakiyar Oktoba. Can Abdeslam yake kwana tun da ya fara mini aiki, gashina ko fari bai yi ba lokacin. Matarsa Hafida cikinta ya tsufa. Yau yana ɗaure tumatir ya tambaye ni ko takardar ta kusa, na ce ta kusa. Ina na sani.

Alhamis, 7 ga Satumba

Ma'aikaciyar ofishin muhallin ta zo. Donya Adela sunanta, 'yar ƙarama, da takalmin ruwa a bayan mota. Na shirya faɗa, ban samu ba. Ta ɗaga murfin tanki da kanta, ta durƙusa a bakin kacala, ta ɗebi ruwan a tafin hannu ta shinshina. Ta ce wanda ya yi gangaren nan ya san abin da yake yi. Na ce ni ne. To, ƙarya zan yi?

Na kawo mata kwalbar man zaitun, ta ƙi karɓa. A ƙofar gonata! Ta yi murmushi dai, amma ta ƙi. Alhamis mai zuwa za ta ɗauki samfurin ruwan don gwaji.

Juma'a, 8 ga Satumba

Iska tun safe, ta yage leda ta gefen gabas. Bayana na ciwo.

Laraba, 13 ga Satumba

Matata Encarna ta ce ba za a ce matar Eusebio ta bar baƙuwar hukuma ta ga bayi da datti ba. Ta ɗauko jarkokin bilic, Hafida ta biyo ta da cikinta da tsintsiya, suka wuni suna wanki. Bayi, wurin wanka, ɗakunan da ba a taɓa kwana ba, har magudana suka tsiyaya wa. Warin ya kai bakin titi. Uwar Encarna ma haka take, in ba ta ji warin bilic ba gida bai wanku ba. Na tsaya ina kallonsu, raina fari ƙal.

Alhamis, 14 ga Satumba

Donya Adela na fitowa daga mota ta tsaya, hanci a sama. Ta je tanki ta buɗe, ta daɗe tana kallo. Sai ta tambaya a hankali wa ya yi wanki jiya. Encarna ta fito da ƙirjinta a gaba ta ce ita ce.

Ashe ƙananan halittu ne a cikin tankin, waɗanda ido ba ya gani, su ke cinye ƙazantar. An faɗa mini lokacin da aka kafa shi, ya shiga ta nan ya fita ta can, ban kuma gaya wa kowa a gida ba. Bilic ya kashe su kaf. Sai sun sake hayayyafa, kuma makonni ake yi.

Encarna ta zauna a kan akwatin tumatir ta rufe fuska da gyale. Na zaci za a yi mata faɗan 'yan ofis. Sai Donya Adela ta zauna kusa da ita, ta ce: "Baba, uwata ma da ta ga wankin nan sai ta rungume ki. Ba ki yi don ɓarna ba." Amma samfurin ta ɗauka, ta rufe, ta tafi da shi.

Laraba, 20 ga Satumba

Samfurin bai ci gwaji ba.

Alhamis, 21 ga Satumba

Tobalo maƙwabcina ya same ni a wurin shan kofi, ya ce in daina zama kamar maraya. Ranar da Donya Adela za ta dawo in ja tiyo daga tafkin ban-ruwa in sake a magudanar da asuba, ruwa ya fito garau, kowa ya huta. Ya ce ba ni ne farau ba. Na ce masa ɓarawon banza, muka yi dariya, amma maganar ta biyo ni gida. Hafida ta daina iya sunkuyawa.

Litinin, 25 ga Satumba

Na je ofishin. Na yi ta zagaye-zagaye, daga ƙarshe na faɗa mata ta sigar wasa, wai ga abin da wasu ke yi. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi fushi ba. Ta jawo taswira ta nuna mini inda ruwan ke nutsewa bayan kacala, ta bi da yatsa har rijiyata.

"Da wannan za a yi wa jaririn wanka, Don Eusebio. Ni ba zan sa hannu ba sai na san zan iya wanke nawa da shi."

Na roƙe ta ta bar su su kwana a ɗakunan ko na wucin gadi. Ta ce ba ta da ikon haka, kuma ba za ta ce tana da shi ba don in ji daɗi. Na fito ina zaginta a zuci har wurin mota. Ban kai gida ba zagin ya ƙare.

Asabar, 30 ga Satumba

Ranar hutunta ce fa. Sai ga ta da safe, bayanta tankar da ke kwashe masai. Ta je matatar wani ƙauye da ke aiki lafiya ta roƙo mana dagwalon da halittun ke ciki, wai kamar yadda ake ɗibar tsamin ƙullu a wurin maƙwabciya. Ita ta riƙe bakin tiyon. Baƙi, mai kauri, ya fantsamo mata har wuya, ko a jikinta. Encarna, matar da ke wanke sabulu kafin ta yi wanka da shi, ta tsaya tana kallo ana ɗura kashin wani ƙauye a tankinta, tana gicciye ƙirji.

Bayan nan Donya Adela ta tara mu duka, ta nuna sabulun da ya halatta da wanda bai halatta ba, tana yi tana jiran Abdeslam ya fassara wa sauran. Ban taɓa ganin ma'aikacin gwamnati ya jira a fassara ba.

Asabar, 7 ga Oktoba

Kowace safiya Encarna ke zuwa ta ɗaga murfi ta leƙa. Na ji tana tambayar halittun ko sun ci abinci.

Talata, 10 ga Oktoba

Samfur na biyu. Ta ce ruwan ya yi kyau a ido, amma ba ido ke sa hannu ba, ɗakin gwaji kuma akwai layi.

Litinin, 16 ga Oktoba

Katafila ta riga takarda.

Na je wurin bukkokin da motar ɗaukar kaya. Sauran samarin sun rarrabu wurin 'yan uwa. Abdeslam na tsaye da katifa da tukunyar gas, Hafida zaune a kan buhun kaya, ba ta kuka, gara ma da ta yi. Ni tun tasowata ma'aikaci daban, gida daban, haka ubana ya yi, haka kowa ke yi a nan. Na soma maganar ɗakin haya a gari, Encarna ta ce: "Tuƙa mu gida, kai mutumin nan." Na tuƙa.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Ruwan sama, don haka migas, soyayyen garin alkama da muke ci ranar ruwa, amma ba naman alade a ciki saboda baƙi. A gidana! Da kifi aka yi. Ba laifi, na ƙara.

Abdeslam ba ya zama sai na zauna. Na ce ya bar wannan, yana sa ni jin kamar bishop.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Hafida ta haihu, mace. Ni na kai su asibiti, na bi ta jan wuta, a ci ni tara. Sunanta Salma.

Juma'a, 27 ga Oktoba

Samfurin ya ci. Donya Adela ta kira da kanta, ba ta bari sai wasiƙa ba, kuma abin da ta fara tambaya shi ne ko an sauka lafiya. Na ce mace ce. Na so in faɗi wani abu mai kyau, sai na ji bakina yana cewa gangaren dama mai kyau ne. Ta ce ai ta faɗa tun farko.

Mace ɗaya, 'yar mitsitsiya, ta ƙi ni sau uku, kuma in da ina da 'ya irinta nake so.

Litinin, 6 ga Nuwamba

Sun tare ranar Asabar. Abdeslam ya buɗe ƙofar da makullinsa, ya rufe, ya sake buɗewa. Yau ya je rajistar gari aka tambaye shi adireshi, ya ce ya faɗa da ƙarfi har na bayansa suka juyo.

Gida ya koma yadda yake, ba kuka, ba tsumma a kan kujerata, na samu barcina. Encarna ce ke ta zirga-zirga kamar ta yar da wani abu.

Na leƙa da safe in duba kacala. Tunda na zo wucewa Hafida ta miƙo mini yarinyar don ta sauke shayi, na riƙe ta har ta yi barci, ban ga amfanin tayar da ita ba. Donya Adela ta ce kacalar ba ta bukatar dubawa sai lokacin yanke ta. Gobe dai zan sake leƙawa.