Layi Ukun Malam Sabo

Laraba da dare, Woolwich

Kaina kamar zai tsage. Tun Litinin na sanar cewa mun yi freeze: ba mai ƙara ko layi ɗaya a code ɗin manhajarmu sai mun fitar da ita ranar Asabar. Har aikin Hajara, ƙaramar abokiyar aikinmu, na mayar mata, ta daina amsa mini sallama.

Yau ina cikin jirgin ƙasa sai ga kiran Malam Sabo daga Kano, wanda ya koya mini programming, yanzu kuma muke aikin manhajar tare. Ya tambayi jikin Inna, sannan ya ce, "Ɗan gyara ne, Bashir, layi uku kacal. Buɗe mini."

Da wane bakin zan hana shi? Na ce, "To, Malam."

Layi ukun nan suka kashe login, hanyar shiga manhajar, gaba ɗaya, kuma kowa ya ga ni na amince. Hajara ta rubuto, "Ashe freeze ɗin na yara ne."

Wallahi gaskiya ta faɗa. Na cire gyaran, na kulle code ɗin yadda ni kaina ba zan iya buɗewa ba. Gobe Malam ya roƙi na'ura. Ita ba ta jin nauyin kowa.