Mai Riƙe Filtar Baba

Litinin, 3 ga Maris

Ranar Asabar za a rushe shagon hoton Baba. Mama ta ce tun da ƙafa ta hana ta fita, in ɗauko mata ɗakin gaba ɗayansa a hoto guda: benci, labulen baya, da tagar nan. Na ce mata an gama. Bakina ya cika saurin alkawari.

Talata, 4 ga Maris

Na je da tsohon lens ɗin Baba, wato gilashin gaban kyamara, mai faɗin nan da ke kwaso ɗaki daga bango zuwa bango. Hasken tagar ya ƙone rabin hoton, fari fat. Sai an sa filta, wato baƙin gilashin da ke rage haske. To lens ɗin kuwa gabansa a kumbure yake kamar ƙwai, ba shi da bakin da ake murɗa komai a ciki.

Ƙamshin ruwan wankin hoto yana nan a bango har yanzu. Na daɗe zaune a bencin. Na yi kewar Baba, ba kaɗan ba. Shi fa tagar nan ba ta taɓa gagarar sa ba, kuma ban taɓa tambayar sa yadda yake yi ba. Lokacin ina ganin na fi shi sani.

Laraba, 5 ga Maris

Salatif: ya saki. Robar tayar keke: ta riƙe, amma lens ɗin ya hango ta, kusurwa huɗu duk baƙi. Na yanka kwali na yi masa gida, shi ma ya shigo hoton. Matata ta leƙo ta ce, “Hoto za ka ɗauka ko faci ka koma?”

Alhamis, 6 ga Maris

Na gwada riƙewa da hannun hagu ina latsawa da dama. Hannun rawa yake. Yaushe ya fara haka?

Juma'a, 7 ga Maris

Na je in gaya wa Mama abin ya gagara. Na tafi da akwatin tsofaffin fim ɗin kyamarar Baba don hirar ta zo da sauƙi. Muna ɗaga su a haske ɗaya bayan ɗaya, sai na lura da wani ɗan duhu a gefen dama, kusan a kowanne. A hotunan da ya wanke wa mutane babu shi, ashe yanke shi yake yi.

Na ce, “Mama, ashe Baba ma yatsansa na shiga.”

Ta yi dariya har da tari. “Yatsan wa? Duba da kyau, ubanka na da farce haka? Ni ke riƙe masa gilashin. Ya ce in ɗauke numfashi, in ƙirga uku a zuci. Kullum sai ya yi mita wai na shigo masa hoto.”

Shekara goma sha tara tana riƙe masa, in ji ta. Ni duk tunanina abinci kawai take kai masa. Na ba da labarin Baba a gaban mutane ya fi a ƙirga, ban taɓa sa ta a ciki ba. Kunya ta kama ni.

Ta ce, “Ka samo mota gobe da sassafe.”

Asabar, 8 ga Maris

Ni da ƙanena muka shigo da ita a kujera, masu rushewa na jira a waje. Ta karɓi gilashin da yatsu biyu, ta matso da shi dab da lens, ba ta bari ya taɓa ba. Ko motsi hannun bai yi ba. Ita ta ce min, “Latsa.”

Sau ɗaya muka ɗauka. Tagar ta fito, har da bishiyar da ke bayanta.

Lahadi, 9 ga Maris

Na wanke hoton. Yatsan na nan a gefen dama. Na ɗauko abin yanka, sai na ga kamar hoton zai rage faɗi, kuma ai bango zuwa bango ta ce. A ƙasa, wurin da nake sa sunana, na rubuta biyu. Nata ne a farko.