Garken da Baffa ya ƙirga a sama

Zuwa ga Hamma Buba,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya zaman Fatakwal? Ina Adda Hauwa da yara? Mu nan Takur kowa lafiya, alhamdu lillahi.

Ka san Baffa ya hana ni zarcewa digiri na biyu, wai karatun taurari ba ya cika tukunya. To, makon jiya na aro na'urar hangen nesa daga sashenmu na jami'a, na kafa ta a tsakar gida bayan magariba. Na nuna masa duniyar Jufita da ƙananan watanni huɗu da ke kewaya ta. Ya leƙa, ya ƙirga, ya shige ɗaki.

Washegari shi da kansa ya ce in sake kafawa. Sai ya ga uku.

"Ina ɗayan?"

Na ce ya zagaya bayanta ne, zai dawo.

"Haka kowane makiyayin banza ke faɗa," in ji shi.

Mutumin da ya rabu da shanu tun muna ƙanana, ga shi ya shimfiɗa buzu yana jiran ɓatacce. Tuwonsa har ya huce. Da watan ya ɓullo daga gefe, ya ce, "Garke ya cika. Je ki karatunki, amma a riƙa sanar da ni."

Ka taya ni addu'a, Hamma, kada ya sake shawara. Ka gaida Adda da yara. Baffa ma yana gaisuwa, yana waje yana ƙirga.

Ƙanwarka,
Jummai