Famfon Unguwar Mailafiya

Birnin Gwari,
14 ga Afrilu.

Zuwa ga Baba Andrawus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan ku da iyali kuna lafiya a Fatakwal. Allah ya ƙara muku ƙarfin jiki. Mama tana nan ƙalau, sai ciwon gwiwa. Gloria ta sauka lafiya, an sami mace.

Baba, kun san bayan bautar ƙasa an ɗauke ni sakatariyar kwamitin mazauna da ƙaramar hukuma ta kafa. Mu goma sha biyar ne, manoma da makiyaya da 'yan kasuwa. Aikinmu mu ƙidaya famfuna da kwalbatoci da ɗakunan shan magani, mu faɗi wanda za a fara gyarawa. Ƙa'ida ita ce, ƙauyen da ba kowa a cikinsa a cire shi daga jerin. Ƙauyenmu, Unguwar Mailafiya, yana cikin tara da za a cire.

Ranar zaɓen abin da za a fara gyarawa aka zana taswira a ƙasa, aka ba kowa ƙwayar masara uku ya ɗora a kan abin da yake so. Iya Tasalla, tsohuwar maƙwabciyarmu, ta zuba nata duka a kan famfonmu. Na tuna mata shekara shida ke nan da aka watse. Ta ce in rubuta gida ashirin da biyu, ta shiga jero su da suna, har da na Babana, kamar ba a gabanta aka binne shi a nan Birni ba. Na ajiye biro.

Talatar da ta wuce muka je dubawa ta Randagi, a kan babura huɗu. Rufin coci ya rufta, ciyawa ta cinye ƙofarku. Amma hannun famfon yana sheƙi, kuma a bugu na bakwai ruwa ya zubo. Na juya ina duban ɗakunan da ba kowa. Sai Bakoji, makiyayin da ke kwamitinmu, ya ce shi ne. Duk wucewarsa da shanu yakan buga sau ɗari don kada ya yi tsatsa, domin ranar da aka gudu Babana ya ce ya riƙe masa famfon, sati biyu zai yi ya dawo.

Ranar talatin ga wata zan miƙa fom. An ce magidanci ɗaya ya isa a bar ƙauye a jerin, in ya sa hannu cewa zai koma noma bana. Ba zan rubuta abin da ba gaskiya ba, kuma ina tsoron jawo ku inda ni kaina ban yarda in kai la'asar ba. Amma tun rasuwar ɗan'uwanku Babana, ku kaɗai ne magidancin da ya rage a gidanmu. Don Allah ku faɗa mini ko za ku dawo.

Ku gaida Mama Praise da Obed da Isaiah. Gurbin yawan mazauna a fom ɗin na bar shi ba komai. Bakoji ya tambaya ko ya ci gaba da bugawa, na ce ya jira amsarku.

'Yarku,
Rachel.