Furen Riɗin da Manahil Ta Cire

Gadarif, farkon damina

Zuwa ga aminina Yahya, a Mafaza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Zubaida da yara. Yaya ƙafar Baba Tsoho?

Ka san ni. Sakandare kawai na yi, kuma ba wanda ya riƙe mini hannu. Ni na koya wa kaina gyaran kwamfuta a bayan kasuwar riɗi, ni na koyi yaren kwamfuta na Python a waya, ni na rubuta manhajar da ke nuna wa manoman Gadambaliya taswirar hadari. Na yi mata ado, ya zol, mutumina! Tagogi masu inuwa a kan allo, launi na zuba kamar lalle.

Sai dai kwamfutar ƙungiyar manoma tsohuwa ce, kahraba kuma, wutar lantarkin nan tamu, ba ta zama. Direbobin tarakta kan taru da safe su ga inda ruwa zai sauka, kafin taswira ta gama buɗewa an ɗauke wuta. Makon jiya ɗayansu, Waleed, ya gaji da jira ya fita, taraktarsa ta kafe a laka, shukarsa ta makara. Ƙungiya ta kawo wata Manahil, wadda yaƙi ya koro daga Madani, wai ta duba aikina. Ta yi jami'a. Za mu gani.

Naka,
Husain Daudu

Gadarif, tsakiyar damina

Aminina Yahya,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi.

Wallahi matar nan ta iya. Ba ta raina Python ɗina ba, ta ce shi ya sa na gama aikin da wuri, kuma kowa zai iya gyara shi. Amma wurin zana taswira yana ja, don haka ta sake rubuta wannan sashen kaɗai da yaren C, mai wuya amma mai sauri. Abin da nake yi da yammaci ɗaya ya ci mata makonni, kuskuren ɗigo guda sai komai ya rushe, ta zauna ta bi shi layi layi ba ta ɗaga murya ba. Ta kwashe inuwar tagogin, ta ce kowace inuwa hatsin kwamfutar take ci. Yanzu allon fari ne fes kamar jallabiyar Juma'a, kafin Waleed ya ajiye kofin shayi taswira ta fito. Ni da bakina na kira ta bashmuhandisa, babbar injiniya, a gaban jama'a.

Ga abin da ya sa na rubuto. Da, in an kunna, furen riɗi ne ke buɗewa a hankali, sunana a tsakiyarsa. Ashe shi ya fi komai nauyi. Ta cire furen, sunan ya bi shi. Ban ce a mayar ba, na ga taraktar Waleed a kafe da idona.

Na ji ƙungiyarku za ta karɓi manhajar, kai ne kuma sakatare. Na tambayi Manahil, ta ce baƙaƙe zalla ba sa cin komai. To a rubuta a ƙasan allo, da Larabci da boko: Husain Daudu ya gina, Manahil ta sa mata gudu. Nata ya fito sosai, ta cancanta. Amma nawa ne farko, Yahya, kada ka bari a juya.

Naka har kullum,
Husain Daudu