Tashar da Ta Ɓace Min

Zuwa ga ƙanwata Tiruwork,

Ina gaishe ki. Ya jikin maigidanki, ya yara? Maƙwabciyata Zenebech ce ke rubuta min, in kin ga surutu nata ne.

Ni lafiya lau. Ina nan a tashar jirgin ƙasa ta Megenagna ina nuna wa fasinjoji hanya. Kin san ba na karanta allo, amma duk tashoshin Addis Ababa a gaɓoɓin yatsuna nake lissafa su.

Sai dai ranar Talata wata mata da jariri mai zazzaɓi ta ce, "Baba, a ina zan canja jirgi zuwa Kaliti?" Na ɗora yatsa a gaɓar, sunan bai zo ba. Ta ce, "Baba, jirgi zai tashi!" Na tura ta ciki, ban san inda ta sauka ba. Sai da na zauna cin injera sunan ya dawo. Haka mahaifinmu ya fara kafin ya manta hanyar gida.

Zenebech ta ce, "Tsoho mai taurin kai, je ka asibiti!" Na ce ita nata aikin rubutu ne kawai. In shugabanmu na tasha ya ji, sallama ce daga aiki.

Kada ki gaya wa kowa. Ki aiko min da ruwan tsarki daga cocinmu, Allah ya saka miki. Ki kuma sa a rubuto sunayen kakanninmu bakwai. Ni na koya miki su, na sani. Yau da safe da na zo lissafa su, a na biyar na tsaya.

Yayanki,
Gebeyehu